Ɗaukar Sautin Jita a Gida: Na'urar Kwaikwayo Ko Amfilifaya Da Makirfo?

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar, da jitarsa da irin kayan situdiyon da ake yin waƙoƙin finafinan Hausa da su. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ji su ya shiga neman mai su. A yau Mdou Moctar yana wasa a manyan dandamalin Turai da Amurka.

Matashin da ke Unguwar Tudu, a yankin Gwarzo da Kabo, wanda ya kalli bidiyon Mdou Moctar ko na Bombino ɗan Agadas har ya sayi jitar lantarki, ba sai ya je Sakkwato ko situdiyon Zoo Road a Kano kafin ya naɗi kiɗansa ba. Wayar da ke aljihunsa za ta iya. Matsalar tana tsakanin jitar da wayar: da me za a haɗa su? Hanyoyi biyu ne. Ko a sayi amfilifaya a kafa mata makirfo, ko a sayi na'urar da ke kwaikwayon amfilifayar ta hanyar lissafi. Galibi kuɗin da aka tara na hanya ɗaya ne kawai, kuma wanda ya sayi abin da bai dace da ɗakinsa ba zai daɗe bai farfaɗo ba. Wannan darasi zai bayyana yadda kowace hanya ke aiki, da abin da ya kamata a duba kafin a fitar da kuɗi.

Daga ina sautin jitar lantarki yake fitowa?

Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata murya ta a zo a gani. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, ana kiransa fikof. Idan aka kaɗa tsirkiyar ƙarfe, motsinta yana haifar da ɗan ƙanƙanin lantarki a cikin fikof, shi ne ke bi ta kebul ya fita. Wanda ya saurari wannan lantarki kai tsaye zai ji sauti busasshe, siriri, maras armashi.

Abin da kunne ya sani a matsayin kukan jita yana samuwa ne bayan sautin ya ratsa matakai huɗu. Na farko shi ne sashen gaba na amfilifaya, wanda ke ɗaga sautin, idan kuma aka matsa masa sai ya fara gurnani, wato kaushin nan da ake ji a jitar Agadas. Na biyu shi ne sashen ƙarfi, mai tura sifika. Na uku sifikar kanta da akwatin katakon da take ciki. Sifikar jita, wadda galibi inci 10 ce ko 12, ba ta fitar da sautin da ya haura Hz 5,000 zuwa 6,000 sosai, kuma wannan yankewar ce ke mayar da gurnani abu mai daɗin ji. Na huɗu makirfo da ɗakin da ake ciki. Duk gardamar da ake yi a kan hanyoyin biyu tana komawa ga tambaya ɗaya: waɗannan matakai huɗu, a yi su da kayan gaske ne ko a bar wa lissafi?

Hanya ta farko: amfilifaya da makirfo

Wannan ita ce tsohuwar hanya, da ita aka naɗi mafi yawan kiɗan jitar da duniya ta sani. Sanannun amfilifayoyi sun haɗa da Fender Twin Reverb, Vox AC30, Marshall JCM800, da Roland JC-120 wadda ta fito a 1975. Uku na farko suna aiki da kwalaben wuta irin na tsohuwar rediyo, ta huɗun kuma da taransista. Makirfon da aka fi kafa musu shi ne Shure SM57, wanda yake kasuwa tun 1965.

Aikin yana hannun mai kafa makirfo. Idan aka saita shi daidai tsakiyar sifika, sautin zai yi kaifi. Idan aka gusa da shi zuwa gefe, sai ya yi laushi da kauri. Matsar da shi faɗin yatsa biyu kawai yana canza sauti fiye da murɗa maɓallan amfilifaya. Nisa ma yana da nasa: duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakanin makirfo da sifika, ƙarfin sautin da ke isa gare shi yana raguwa da kusan desibel 6, hayaniyar ɗaki kuma tana nan yadda take. Shi ya sa a ɗakin da ba situdiyo ba ake manna makirfo kusa da ragar sifika, tazarar yatsa ɗaya zuwa uku.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Makaɗi yana jin iska tana bugunsa, jitar da sifika suna amsa wa juna, kuma babu jinkiri tsakanin yatsa da kunne. Illarta kuma ita ce ƙara. Amfilifaya mai kwalabe ba ta ba da sautinta mai kyau sai an ɗaga ta. Sifikar jita mai inci 12 tana iya kai desibel 97 zuwa 100 da wat ɗaya tak idan aka tsaya mita ɗaya a gabanta, alhali masana lafiyar kunne suna gargaɗi tun daga desibel 85 idan za a daɗe ana saurare. Kada a ruɗu da lambar wat: amfilifaya mai wat 50 ba ta ninka mai wat 5 ƙara sau goma ba, a kunne kusan sau biyu ne kawai. Ke nan ko ƙaramar mai wat 5 ta isa ta tashi maƙwabta.

Hanya ta biyu: na'urar kwaikwayo

Kwaikwayon kayan kiɗa ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka dogara da fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda ke fitar da sautin ganga da sarewa da goge ba tare da an kira makaɗi ko ɗaya ba. Na'urar kwaikwayon amfilifaya ta bambanta da fiyano a abu ɗaya: ita ba ta kaɗa komai da kanta. Mutum ne ke kaɗa jitarsa ta gaske, ita kuma ta ɗauki ɗanyen lantarkin ta yi masa abin da amfilifaya da sifika da makirfo za su yi masa.

Kamfanin Line 6 ne ya shahara da wannan fasaha da na'urarsa ja mai siffar ƙwayar wake, POD, a 1998. Fractal Audio ya fitar da Axe-Fx a 2006, Kemper na Jamus ya zo da Profiler a 2011, Line 6 ya sake fitowa da Helix a 2015, sannan Neural DSP na Finlan ya kawo Quad Cortex. Manyan ƙungiyoyin kiɗa irin su Metallica sun koma amfani da Axe-Fx a wasanninsu na dandamali. Waɗannan duk masu tsada ne. Amma fasahar ta sauko zuwa ƙananan na'urori irin su Zoom G1 Four, Boss GT-1, Valeton GP-100, Mooer GE150 da NUX MG-30, ta kuma shiga manhajojin kwamfuta da waya irin su AmpliTube, Guitar Rig, GarageBand da BandLab.

Ga yadda abin yake a ciki. Da farko na'urar tana auna lantarkin jita sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, ta mayar da kowane awo lamba. Daga nan sauti ya zama jerin lambobi, duk abin da za a yi masa lissafi ne. Akwai dabaru biyu na kwaikwayon amfilifaya. A ta farko, injiniyoyi suna buɗe amfilifayar gaske, su rubuta lissafin yadda kowane ɓangare nata ke amsa lantarki, sai manhaja ta riƙa bin wannan lissafi. Haka Helix da Axe-Fx suke aiki. A ta biyu ba a buɗe komai. Ana tura wasu sautukan gwaji cikin amfilifayar, a naɗi abin da ya fito, sai na'ura ta kwatanta shiga da fita har ta koyi halin wannan amfilifayar. Haka Kemper yake yi, haka kuma manhajar Neural Amp Modeler ta Steven Atkinson, wadda kyauta ce, kuma kowa na iya duba lambobin da aka rubuta ta da su. Ita tana amfani da irin fasahar ƙirƙirarriyar basira da ke koyo daga misalai, mutane kuma suna raba fayilolin amfilifayoyinsu a intanet.

Sifika da makirfo kuma ana kwaikwayonsu da wani ɗan gajeren fayil da ake kira IR. Za a iya kiransa hoton sautin sifika. Ana kafa makirfo a gaban sifikar gaske a situdiyo mai kyau, a auna yadda suke amsa kowane sauti daga mafi kauri zuwa mafi siriri, a ajiye sakamakon a fayil na WAV da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Duk jitar da aka bi da ita ta cikin wannan fayil za ta fito kamar a gaban waccan sifikar aka naɗe ta. A nan ne matashin ƙauye ya fi cin riba, domin ya ari ɗakin wani da makirfon wani ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Abu ɗaya da ke ruɗa sababbin masu saye: na'urar kwaikwayo tana ba da sautin amfilifaya kamar yadda makirfo ya ji ta, wato irin wanda ake ji a waƙar da aka gama haɗawa. Ba ta ba da jin tsayawa a gaban amfilifaya a ɗaki. Wanda ya kwatanta hedifon da akwatin da ke girgiza ƙasa zai ce na'urar ba ta da rai, alhali abubuwa biyu daban ya kwatanta. Kwatancen adalci shi ne naɗi da naɗi.

Jinkiri: babbar matsalar masu waya

Lissafi yana cin lokaci. Manhaja ba ta sarrafa lambobi ɗaya bayan ɗaya, tana tara su ne rukuni-rukuni. A awo 48,000 a daƙiƙa, rukunin lambobi 128 yana ɗaukar milisakan 2.7, na 256 milisakan 5.3, na 512 milisakan 10.7, na 1,024 kuma ya haura 21. Tunda sautin sai ya shiga sannan ya fito, jinkirin gaske ya kan ninka wannan har da ɗoriya. Don a gane girman abin, sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, ke nan wanda ya tsaya mita 3 daga amfilifayarsa yana jin ta bayan kusan milisakan 9, kuma ba ya damuwa. Idan jinkiri ya wuce milisakan 15 zuwa 20, yatsa da kunne sun fara saɓawa, kiɗa mai sauri irin na Agadas kuma ba ya yiwuwa.

Na'urorin kwaikwayo na musamman ba su da wannan matsala, domin aikinsu ke nan kaɗai, jinkirinsu 'yan milisakan ne. Matsalar tana ga manhajojin waya. iPhone ya daɗe da yin suna wajen ƙarancin jinkiri, wayoyin Android kuwa sun bambanta sosai, wata ta yi kyau wata ta gagara. Hedifon na Bluetooth yana ƙara jinkirin da ya kan wuce milisakan 100, don haka ba a naɗin jita da shi sam, sai mai kebul. Mafita ga mai Android ita ce ya saurari kansa daga jikin na'urar kwaikwayo, ya bar wa wayar aikin naɗa kawai.

Abin da ɗaki da wuta da yanayi ke cewa

A situdiyon da aka gina don sauti, hanyoyin biyu duk suna ba da sakamako mai kyau, kuma ko ƙwararru sukan kasa bambance su idan an gama haɗa waƙa. A gidan yankin Gwarzo ko Kabo kuwa, abubuwa uku ne ke yanke hukunci.

Na farko ɗaki. Ɗakin bulo mai daɓen siminti da rufin kwano yana mayar da sauti ta ko'ina, makirfo kuma yana kwashe wannan amsa-kuwwa maras daɗi, da wuya kuma a iya cire ta daga baya. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi shi sauƙi, musamman idan akwai katifa da labule da kaya. Sannan makirfo ba ya zaɓe: babur ɗin da ya wuce, injin niƙa, kukan akuya, fanka, duk za su shiga. Na'urar kwaikwayo ba ta jin ɗaki ko kaɗan, domin sautin yana tafiya ne ta kebul daga farko har ƙarshe.

Na biyu wuta. Amfilifaya tana buƙatar wuta tsayayya. Idan aka tayar da janareta, ga ƙararsa a makirfo, ga hawa da saukar wuta da ke gajiyar da kwalabe. Wutar Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma fikof mai naɗi ɗaya, irin na jitar Stratocaster, yana jan wannan a matsayin wani zuuu da ba ya yankewa, wanda ke ƙaruwa a gidan da ba a yi wa wayarin mai kyau ba. Ƙananan na'urorin kwaikwayo kuwa da yawansu adafta mai bolt 9 da miliamfiya 500 ta ishe su, wato ƙasa da wat 5. Zoom G1 Four da Boss GT-1 suna aiki da batir AA guda huɗu. Jita da na'ura da waya duk a kan batir, ba tare da an taɓa soket ba, ita ce hanya mafi tsabtar sauti da mutum zai samu a ƙauye.

Na uku jama'a da yanayi. Gidan yawa ba ya ɗaukar amfilifaya a buɗe, ga lokutan sallah, ga tsofaffi da marasa lafiya. Da hedifon mutum zai yi aikinsa da tsakar dare ba wanda ya sani. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana ƙara wa kwalabe zafi a kan nasu, ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallai su fara ƙarar-ƙarar. Idan kwalba ta mutu, samun madadinta sai an nema a Sabon Gari a Kano ko a aika kasuwar Alaba a Legas. Sai dai na'urar kwaikwayo ma tana da nata rauni: idan allonta na ciki ya ƙone, ba kowane mai gyara ne zai iya taɓa shi ba, alhali amfilifayar taransista mai gyaran rediyo ma kan iya ta da ita.

Inda makirfo ya fi

Akwai wuraren da na'urar kwaikwayo ba ta da abin cewa. Gurmi da garaya da molo da kuntigi irin na marigayi Ɗanmaraya Jos ba su da fikof, sautinsu yana fitowa ne daga fata da jikinsu da iska. Ana iya manna musu ɗan fikof mai jin girgiza, amma abin da ke fitowa ya kan yi tauri, samfuran amfilifayar da ke cikin na'urar kuma don jitar lantarki aka yi su. Haka jitar katako da kalangu da murya. Duk wanda waɗannan ne aikinsa, makirfo mai kyau da ɗaki mai shiru ya kamata ya fara nema.

Haka kuma kiɗan ƙungiya. Jitar Agadas ta girma ne a wuraren biki, a fili, inda amfilifaya ke buɗe, mai ganga yana kusa, jama'a na tafi. Idan sifika tana da ƙarfi, sautinta yana komawa ya girgiza tsirkiya, sai kukan jitar ya daɗe bai mutu ba. Wannan ba ya faruwa a hedifon. Wanda yake son naɗar irin wannan yanayi, da ƙurarsa da hayaniyarsa, amfilifaya da makirfo ne za su ba shi. Kuma mai wasa a biki dole ya mallaki abin da zai fitar da sauti ga jama'a, ko amfilifaya ko sifikun taro da zai jona na'urarsa a ciki.

Matakan haɗa jita da waya

1. A duba ko wayar tana karɓar OTG, wato tana iya gane na'urar da aka jona mata ta USB. A wasu wayoyin Tecno da Infinix da Oppo sai an kunna shi a cikin saiti.

2. A duba ko na'urar kwaikwayon tana tura sauti ta USB. Ba kowace mai ramin USB ke yi ba, wasu don sabunta manhaja da gyaran saiti kawai aka yi nasu. A tambaya, a kuma gwada da wayar a shagon kafin a biya.

3. Idan ba ta turawa, ana buƙatar sawun kad, irin su Behringer UMC22 ko Focusrite Scarlett Solo. Mai bin hanyar makirfo ma dole ya sayi wannan, tare da kebul na XLR da sandar makirfo. Idan jita za a jona kai tsaye a sawun kad, a yi amfani da ramin da aka rubuta INST ko Hi-Z, in ba haka ba sautin zai dushe.

4. A buɗe manhajar naɗi, kamar BandLab, n-Track, FL Studio Mobile ko Audio Evolution Mobile. A sa wayar a yanayin jirgi, domin kira yana yanke naɗi, siginar waya kuma tana shiga fikof.

5. A daidaita ƙarfin shiga. A kaɗa da iyakar ƙarfin da za a yi a waƙar, a tabbatar ma'aunin bai wuce -12 zuwa -6 ba. Idan ya taɓa 0 sautin ya fashe, da wuya ya gyaru.

6. A naɗa a WAV, awo 48,000, bit 24 idan manhajar ta yarda. Layi ɗaya yana cin kusan MB 8.6 a minti ɗaya, sai a tanadi wuri. MP3 sai an gama komai.

Dabarar ajiye ɗanyen sauti

Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani a darasin nan. Duk lokacin da kayan aiki suka ba da dama, a naɗi layi biyu a lokaci ɗaya: ɗaya mai sautin da aka sarrafa, ɗaya kuma ɗanyen lantarkin jita wanda bai bi ta komai ba. Ɗanyen layin ba shi da daɗin ji, amma shi ne jari. Idan bayan wata uku mutum ya gane gurnanin ya yi yawa, ba sai ya sake kaɗawa ba, zai canza samfurin amfilifaya a manhaja kawai. Idan kuma wata rana ya sami shiga situdiyo mai amfilifayar gaske, za a iya tura wannan ɗanyen layin cikinta ta wani ɗan akwatin da ke daidaita lantarki, a kafa makirfo a naɗa. Ke nan wanda ya fara da na'urar kwaikwayo bai rufe wa kansa ƙofar amfilifaya ba. Wanda ya naɗa da makirfo kaɗai kuwa, abin da ya shiga ya shiga, har da kukan akuyar.

Kurakuran da ke ƙona kaya ko ɓata sauti

Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka da yawansu na bolt 120 ne, wutar Nijeriya kuma 230 ce. A karanta rubutun bayan amfilifaya kafin a jona ta.

Adaftar yawancin na'urorin jita mai bolt 9 ce wadda tsakiyar bakinta ne ke ɗauke da alamar ragi, saɓanin adaftar kayan gida da yawa. Adaftar da ta shiga rami ba lallai ta dace ba. A duba zanen da ke jikin na'urar.

Ba a kunna amfilifaya mai kwalabe ba tare da an jona mata sifika ba, taransifomarta na iya ƙonewa. Ba a kuma jona ramin da aka rubuta Speaker Out a sawun kad ko waya, wutar da ke cikinsa ta fi ƙarfinsu.

Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta kebul. A gidan da babu wayar ƙasa, wato ta ukun da ake haɗawa da ƙarfen da aka binne, amfilifaya mai matsala na iya jan mai kaɗawa, musamman idan ƙafarsa ba takalmi ko leɓensa ya taɓa makirfo. Wanda ya ji ko da ɗan tsikari ne, ya kashe ya kira mai gyaran wuta.

SM57 yana cikin makirfon da aka fi yin jabunsu a duniya. Farashin da ya yi arha fiye da kima alama ce.

A ɓangaren sauti, kuskure mafi yawa shi ne kashe sashen sifika a na'urar kwaikwayo sannan a naɗa kai tsaye, sai jitar ta yi zizar ƙudan zuma. Akasinsa kuma shi ne barin sashen a kunne alhali an jona na'urar a amfilifayar jita ta gaske, sifika biyu a jere, sai sautin ya zama kamar daga cikin tulu. Shiryayyun saitukan kamfani galibi sun cika gurnani da amsa-kuwwa don su burge mai gwaji a shago. A rage maɓallin Gain fiye da yadda ake zato, jitar za ta fi fitowa a cikin waƙa.

To wanne za a saya?

Wanda burinsa naɗar jitar lantarki a gida, a ɗakin da ba a gyara don sauti ba, wuta ba tabbas, kuma waya ce situdiyonsa, ƙaramar na'urar kwaikwayo mai tura sauti ta USB da hedifon mai kebul sun fi masa. Abu biyu ne zai saya, maimakon amfilifaya da makirfo da sanda da kebul da sawun kad. Wanda yake da kwamfuta, sawun kad da Neural Amp Modeler da 'yan fayilolin IR na kyauta sun ishe shi. Wanda ke wasan biki, ko yake aiki da gurmi da kalangu da murya, makirfo da sawun kad ne farkonsa. Wanda kuma ya riga ya mallaki amfilifaya, kada ya sayar da ita: ya sa ta a ɗakin da ya fi kaya, ya ɗora ta a kan kujera, ya kewaye gabanta da katifa da bargo amma ya bar bayanta ta sha iska, ya naɗa a lokacin da gari ya yi shiru.

Kafin a yanke shawara, idan akwai abokin da ke da ɗaya hanyar, a yi gwaji. A kaɗa abu ɗaya na daƙiƙa 30 ta kowace hanya, a daidaita ƙarfinsu ya zama ɗaya domin kunne yana fifita wanda ya fi ƙara, a sa wa fayilolin suna 1 da 2 kawai. A tura wa mutum biyar ta WhatsApp a matsayin fayil, ba saƙon murya ba, domin saƙon murya yana matse sauti. Su saurara a sifikar waya da ƙaramar sifikar Bluetooth, tunda a nan ne mafi yawan jama'a za su ji waƙar. Abin da suka zaɓa ba tare da sun san wanne ne wanne ba, shi ne amsar da ta dace da wannan ɗakin da wannan jitar. Kuɗin da ya rage kuma a sayi sababbin tsirkiyoyi da kebul mai kyau, a kuma tabbatar jitar tana kan saiti kafin a danna maɓallin naɗi, domin babu amfilifayar da ke gyara tsirkiyar da ta saki.